Yadda Na Tayar da Jirgin Yaya

Ranar da aka kawo jirgin ina zaune a rumfata a bakin titi, na baje hanjin wani babur a kan buhu ina neman inda waya ta tsinke. Sana'ata ke nan, rewaya. Wayar mota, wayar babur, batir, injin ban ruwa in ya ƙi ba da wuta, duk wurina ake kawowa. Na fi shekara ashirin a kanta, kuma daga ƙauyenmu har ka dangana da Bici babu mai cewa na taɓa ƙona masa ko fis ɗaya. Ba don yabon kai na faɗa ba. Kai, ƙarya nake yi, don yabon kai ne, kuma wannan halin nawa shi ne labarin gaba ɗaya.

Sai ga wata akori-kura ta nufo mu tana rangaji, an ɗaure wani abu fari da shuɗi a bayanta, hancinsa a sama. Yayana na tsaye a gefen abin, hannu ɗaya ya dafa shi, ɗayan yana ɗaga wa jama'a kamar wanda ya ci zaɓe. Ya buga rufin motar, direba ya tsaya daidai bakin rumfata.

"Fito ka ga arziki!" in ji Yaya.

Na fito na ga arzikin. Tsawonsa bai kai tabarma uku ba. Fenti duk ya ɓare, an yi masa faci a haƙarƙarin hagu da wani abu mai kalar tuwon dawa. Kujera biyu, ɗan sitiyari irin na motar wasan yara, gilashin gaba ya tsage an ɗinke shi da waya. An kwantar da injin a baya a kan tsohuwar taya. Wari kuwa na tsohon kifi ne da gishiri, har yau in na tuna sai na ji shi a maƙogwaro. Na lanƙwasa yatsa na ƙwanƙwasa jikin jirgin, ya ba ni ƙara irin ta tankin ruwa.

Na ce, "Yaya, ai roba ce."

"Faiba ake cewa, baƙauye. Ba ta tsatsa."

"To madalla. Me ka bayar aka ba ka shi?"

Ya sake buga rufin motar suka wuce bakin dam, ni kuma na koma kan babur ɗin da nake gyarawa. Kafin la'asar labari ya iso rumfa, don a garinmu magana ba ta kwana a hanya. Lambun Baba zai bayar. Musaya za su yi da wani Alhaji dillalin filaye daga wajen Ungogo, shi ya ba da jirgi, Yaya ya ba da ƙasa.

Wanda bai san wajenmu ba zai ce ai lambu ne kawai, a sayi wani. A ina? Nan ƙasa duk da mai ita, har gefen hanya. In ka sha mangwaro a gonarka ka jefar da ƙwallon, a gonar wani zai faɗi. Lambun nan kuma a bakin kanal yake, inda ruwan dam ɗin Watari ke bi ta gefensa rani da damina. Baba ya yi shekaru yana kai masa taki a mangala bisa jaki, sai da ƙasar ta koma baƙa wuluk, in ka damƙa sai ta dunƙule a hannunka. Da ya rasu aka raba gado, lambun ya faɗa hannun Yaya, ni na sami gonar tudu wadda ba ta sanin ruwa sai na sama. Ban yi ƙorafi ba. A kusurwar gabas ta lambun akwai wani ɗan yanki da Inna, mahaifiyarmu, take shuka yakuwa da alayyahu duk shekara. Ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma kowa ya san nata ne, kuma shi ne dalilin da yake fitar da ita daga gida kowace safiya.

Shi kuwa Yaya, Allah ya yi shi da son sabon abu da ƙin tsohon aiki. Ya yi kiwon kaji, kajin suka mutu. Ya buɗe wurin cajin waya, ya bar janareta a ruwan sama. Ya taɓa kawo wasu zomaye manya wai na ƙasar waje, mako biyu ba a cika ba muka ci na ƙarshen. Wannan karon a waya ya ga hoton mutane suna yawo a jirgi suna ɗaga hannu, shi ke nan ya yanke cewa mutanen birni za su riƙa tururuwa zuwa dam ranar Asabar da ranar Sallah, amare su zo ɗaukar hoto, shi kuma yana riƙe da sitiyari da farar hula. Mutumin da ko iyo bai iya ba!

Washegari aka taru a zauren mai unguwa don a ƙulla musayar, ga liman, ga shaidu. Alhajin ya sa aka cika durom da ruwa a ƙofar zaure, aka tsoma ƙafar injin a ciki, direbansa ya naɗa igiya a kan injin ya finciko. Ya tashi, ya cika mu da hayaƙi, kowa na kabbara kamar an ga wata. Ni dai na riga na fid da rai da lambun. Sai girman kan Yaya ya yi mana aikin da nasihar dangi duka ta kasa yi. Ya hango ramin makulli a gefen sitiyari.

Ya ce, "Alhaji, ni fa ba zan tsaya gaban baƙi ina jan igiya kamar mai janareta ba. Da makulli zai tashi, kamar mota."

Alhaji ya yi dariya ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, wayoyin batir ne aka yanke a hanya da ake kawo shi daga kudu, haɗawa kawai za a yi. Yaya ya kafe a sa shi a sharaɗi. Liman ya ce babu laifi, ciniki da sharaɗi halal ne. Aka tsayar da magana a gaban kowa: kwana uku daga gobe, a kan ruwa, da makulli. In aka kira la'asar ta rana ta uku bai tashi ba, babu musaya, kowa ya riƙe kayansa. Aka shafa fatiha.

Da yamma Inna ta aiko a kira ni. Ita ba ta iya yi wa Yaya magana kai tsaye, shi ne ɗan farinta. Tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "wancan", in ya shigo gaishe ta kuwa bango take kallo ta amsa a taƙaice. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, ba ƙiyayya ba. Saboda haka duk abin da ke cin ta game da shi, a kaina yake sauka, ni auta.

Ta ce, "Wancan ya zo da goro wai in sa albarka."

"Kin sa?"

"Me zan ce? Na ce Allah ya sa alheri." Ta ci gaba da jan carbi. "Auta, abin nan zai tashi da makullin?"

"In an sami wanda ya san aiki, zai tashi, Inna."

Ta dube ni sosai. Ta ce, "Ka je wurin, kada a ce kana yi wa ɗan'uwanka baƙin ciki. Amma ka zuba hannuwanka a aljihu. Da bakinka."

"Inna, bakin ma a aljihu?"

"Shi ne ma kan gaba. Na san abin da na haifa."

Na yi dariya na ce ta kwantar da hankalinta, babu ma wanda ya neme ni. Gaskiya ne kuwa. Alhaji daga birni ya ɗauko nasa mai gyara, Yaya kuma ya bi gari yana cewa wannan aikin ruwa ne, ba na masu babur ba.

Mai gyaran ya iso da safe cikin rigar aiki mai aljihu fiye da goma, da tabarau, da wata mita ruwan ɗorawa rataye a wuya. Tun kafin ya taɓa komai aka fara kiransa Injiniya, shi kuma bai hana ba. An riga an saukar da jirgin cikin ruwa an ɗaure shi a wani turke, inda ruwan bai wuce gwiwa ba. Ni na sami wani kwale-kwale da masunta suka kife a gaɓa na zauna a kai, hannuwa a aljihu kamar yadda aka umarce ni. Yaya ya ce a kai batir gaba, ƙarƙashin sitiyari, don baƙi su sami wurin miƙe ƙafa a baya. Injiniya ya ja waya, ya ɗaura, ya goge hannu, ya miƙa wa Yaya makulli da hannu biyu. Yaya ya yi bisimilla ya murɗa.

Ko ƙyas.

Injiniya ya ce batir ne ba shi da ƙarfi. Aka tafi Bici aka kawo sabo fil. Ko ƙyas. Ranar farko ta tafi a haka, yana magana rabi Hausa rabi Turanci, jama'a na gyaɗa kai ga rabin da ba su ji ba.

Rana ta biyu ya canja fis. Ya kwance wurin makulli ya hura masa iska ya mayar. Ya ciro kik, wato ɗan injin da ke juya babban inji ya tashe shi, ya baje shi a kan kujera, wani ƙaramin sifirin ya yi tsalle ya faɗa ruwa, mutum huɗu suka tuɓe riga suna lalube a taɓo. Wajen azahar na gaji da kallo daga nesa, na naɗe wando na shiga ruwa kamar mai son ganin sitiyari. Leƙawa ɗaya na yi.

Bari in faɗa yadda kowa zai gane. Wuta ba ta aiki sai ta fita ta dawo. A mota jar waya ce ke kai ta, amma babu mai wahalar jan baƙar waya ta dawo da ita. Sai a ɗaure 'yar gajeruwar baƙar waya daga batir zuwa jikin motar, tunda jikin ƙarfe ne, shi ke dawo da wutar daga ko'ina. Haka ake yi a mota, haka a babur, haka a tarakta, haka duk abin da ke tafiya a kan ƙasar nan tamu. To Injiniya ya ja jar waya tun daga gaba har baya, tsaf da ita, har da 'yan maɗaurai. Baƙar kuwa taƙi ɗaya ce, ya ɗaure ta a wani noti a jikin jirgin. Can baya ma ya kama baƙar wayar injin ya ɗaure ta a wani notin. Tsakanin noti da noti babu komai sai faibar da ba ta tsatsa. Roba yake jira ta dawo masa da wuta!

Zan yi masa adalci guda ɗaya. Duk mai rewayar da ya girma a tudu zai iya yin wannan a awar farko, ni ma hannuna zai iya yi kafin kaina ya farga. Amma awar farko daban, kwana biyu daban. Kuma ga mita a wuyansa. Abin takaicin, in zai gwada sai ya ɗora baƙin tsinken mitar a kan batir ɗin kansa, ya bi jar waya da jan tsinken, ko'ina mita ta nuna masa sha biyu, ya ɗago ya ce wa jama'a, "Kun gani? Fawa tana zuwa." Tana zuwa mana. Ta ina za ta koma, ɗan gidan masu ilimi? Sai da na ciji leɓena har na ji gishirin jini. Na juya na fita daga ruwan ban ce uffan ba.

Ranar na ci tuwo malmala uku. Na biya ta ɗakin Inna na ce, "Ki fito da irinki, Inna. Jibi war haka kina lambu."

"Ka tabbata?"

"Mutumin nan ko shekara za a ba shi ba zai gani ba."

Ba ta yi murmushi ba, amma ta tashi ta buɗe kwallarta ta ciro ƙullin gurguzu, irin yakuwar da ta ajiye tun bara, a ɗaure cikin wani farin tsumma. Ta ajiye shi a kan taga inda za ta riƙa ganinsa.

Rana ta uku gari duka ya sauko bakin dam bayan azahar. Mai unguwa ya zo da kujerarsa, liman na gefensa, ladan ma ya zo kallo da butarsa. Alhaji ya daina dariya, sai zagaye yake yana amsa waya yana harara. Yaya na zaune a jirgi, makulli a hannu, ya ɗaura masa wani ƙaton maɗauri mai gashi-gashi, gumi ya jiƙa farar hular da ya saya don wannan rana. Injiniya ya mayar da kik, aka murɗa, shiru. Ya canja wurin makulli gaba ɗaya, aka murɗa, shiru. Ni ina kan kwale-kwalena, ina duban inuwar turken tana tsawo, zuciyata fari ƙal. Can na ga ladan ya tashi ya kakkaɓe riga ya kama hanyar masallaci. Daga bakin dam zuwa masallaci, da alwala, bai fi minti goma sha biyar ba.

Injiniya ya fara tattara sifanoninsa. Da ya tattara ya tafi bakinsa a rufe, da yau Inna na da lambu. Amma ina! Sai da ya tsaya a tsakiyar jirgi ya gyara tabarau ya yi wa jama'a bayani. Wai ya gano matsalar. Wai injin nan na teku ne, an ƙera shi ne don ruwan gishiri, gishirin ne ke taimaka wa fawa ta zagaya. Ruwan dam ɗinmu kuwa salam yake, shi ya sa yake shanye wutar.

Na dubi jama'a. Wallahi gyaɗa kai suke. Mutanen da na shekara ashirin ina gyara wa injin ban ruwa a bakin wannan ruwan, injin da ke tashi kullum ƙafarsa a taɓo, su ne ke cewa "Allahu akbar, ilimi ke nan." Wani har ya ce akwai buhun gishiri a shagonsa, ko a kawo a zuba a gefen jirgin a gani? Injiniya ya yi kamar mai lissafi, ya ce buhu ɗaya ba zai isa ba.

Na ƙara cusa hannuwana a aljihu har ɗinkin ya fara ƙara.

Sai wani dattijo cikin masunta, wanda na taɓa gyara wa fitilar kamun kifi, ya ce, "Af, ga mai rewayarmu nan zaune tun shekaranjiya. Ko zai leƙa?"

Injiniya ya dube ni ta saman tabarau, daga hula har silifa. Ya ce, "Malam, tocila kake gyarawa ko rediyo?"

Aka yi dariya. Wannan na iya haɗiye ta, na rantse na iya. Amma sai Yaya ya ɗaga hannu daga cikin jirgi, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Ku ƙyale shi don Allah. Babur ya sani. Abin da ya gagari Injiniya ne za a ba yaron nan?"

Yaron nan. Ina da furfura a gemu da 'ya'ya biyar.

Na ji bakina ya ce, "Gishiri?" Da ƙarfi ya fita, har kowa ya juyo. "Gishiri za ku zuba a dam? Ku kawo da barkono da daddawa mana, mu sha romo!"

Na tashi na nufi babur ɗina. A akwatinsa kullum akwai waya mai kauri da nake tayar da motocin da batirinsu ya mutu, mai baki biyu irin na kada. Kada wani ya ce fushi ne ya rufe mini ido, don ni ma na so in yarda da haka, na kasa. Daga kwale-kwalen zuwa babur taku talatin ne, dawowa talatin. Na sami lokacin tunani, kuma na yi tunanin. Na ga ƙullin nan a kan taga ƙarara. Na ce wa kaina nuna musu kawai zan yi, in taɓa in cire. Na san ƙarya nake tun ina faɗa.

Ban ko naɗe wando ba na faɗa ruwa. Na ture hannun Injiniya, na ƙwanƙwasa jikin jirgin yadda kowa zai ji.

Na ce, "Wannan mene ne? Roba ce ko ƙarfe? Kai da ka zo da mita a wuya, a wace makaranta aka ce maka wuta na bi ta roba? Ka kai ta, ba ka ba ta hanyar dawowa ba, kwana uku kana zargin ruwan Allah!"

Na maƙala baki ɗaya a baƙin kan batir, na ja wayar ta tsakanin kujeru har baya, na maƙala ɗayan a jikin injin inda ƙarfe yake tsirara.

"Yaya, murɗa."

Bugu ɗaya ya tashi.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a sana'ar nan. Bakin Injiniya a buɗe, tabarau ya zamo masa zuwa kan hanci, jama'a na ihu, dattijon nan na tsalle a taɓo yana cewa ai ya faɗa. Na tsaya cikin ruwa da hayaƙi ina kallon fuskar mutumin birni ina ƙoshi. Daɗin ya kai kamar tsawon shan ruwa kofi ɗaya.

Sai na ji an kama hannuna ana girgizawa. Alhaji ne, ya shigo ruwa da takalminsa da babbar rigarsa.

"Allah ya yi maka albarka, Malam! Allah ya ƙara basira!" Ya juya wajen gaɓa ya ɗaga murya. "Mai unguwa, Malam liman, kun gani da idonku. A kan ruwa, da makulli. An kira salla?"

Ba a kira ba. Liman ya ce sharaɗi ya cika. Yana rufe baki ladan ya ɗaga murya daga cikin gari, da ƙyar ake jin sa saboda ƙarar injin.

Yaya ya rungume ni ta gefen jirgi har ya kusa kifar da mu. "Ƙanena ne! Uwa ɗaya uba ɗaya! Na ce muku gidanmu akwai kai!" Wai in hau, ni zan fara yawo a ciki. Na zame jikina na fita, na bar masa wayar a maƙale.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Alhaji ya zagaye lambun da bulo kafin wata ya ƙare, ya sa ƙofar ƙarfe. Mutanen birni sun zo Sallah ɗaya, amarya ko ɗaya ba ta zo ba. Yanzu buhunan taki Yaya ke tsallakar wa manoman ƙetare in an samu, farar hular ta zama ta shan rana. Daga baya ni na ja masa baƙar waya ta dindindin, don ba zan iya ganin aikina a maƙale da bakin kada ba. Har gobe bugu ɗaya yake tashi, ina jin sa daga rumfata kowace safiya.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, da na yi la'asar da jiƙaƙƙen wando, na daɗe a ƙofar gida kafin in yi sallama. Inna na zaune a kan dardumarta a bakin ɗaki, ta idar da salla. Gidanmu ba shi da nisa da dam. Na durƙusa na gaishe ta, ina jiran faɗa, har ina fatan ta yi.

Ta ce, "Na ji ya tashi."

"Ya tashi, Inna."

"Kwana uku mutumin birni na fama. Ina jin ƙarar na ce wannan hannun auta ne. Duk garin nan babu mai iyawa sai kai."

Babu gatse a muryarta, ko kaɗan. Na buɗe baki in ce wani abu game da gishiri, da abin da Yaya ya faɗa a gaban mutane, sai na ji yadda zai fito, na rufe.

Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauko ƙullin gurguzun daga kan taga ta miƙo mini.

"Ungo, kai wa matarka. Ta dafa ta yi daddawa da shi, kada ya lalace a banza."

Na karɓa da hannu biyu. Hannuwan duk baƙin man inji ne, sai da suka ɓata mata farin tsumman.